Eriyar Ƙaramin Jirgin Yaƙi

Yaya Habila, sati shida ke nan da muka rufe ka da ƙasa a bayan coci. Dattawa sun ce Lahadi mai zuwa ni zan tsaya a gaban ajinka na matasa. Ka san karatuna bai yi nisa ba, amma ban san yadda ake ce wa dattawa a'a ba. Ga abin da na rubuta. Kai zan fara karanta wa, yadda na saba.

Akwai wani mutum, tsohon sojan ruwa, wanda ya gama aikinsa ya komo garinsu a gindin dutse, inda ruwa mafi girma shi ne rafin da mata ke wanki. Shekara ashirin da biyu ya yi a kan teku, a wani ɗan ɗaki cikin jirgin yaƙi, kunnensa a kan rediyo, yana karɓar saƙo daga tudu. Da ya zauna a gida, sai ya kama sassaƙa ƙananan jiragen yaƙi da katako da gwangwanin madara, kowanne bai fi kamu ɗaya ba.

Ana nan, sai idonsa ya fara dushewa. Likita ya duba, ya ce ganin ba zai dawo ba, raguwa zai yi ta yi. Mutumin ya komo gida ya fara jirginsa na ƙarshe, siffar wanda ya yi aiki a ciki. Ba shi da hotonsa, a kansa kaɗai yake. Ya sani in duhu ya riga shi, jikokinsa ba za su taɓa ganin inda kakansu ya ƙarar da ƙuruciyarsa ba.

Wata huɗu yana aikin. Ya yi bindigogi, ya yi matakala, ya yi tagogi ƙanana kamar ƙwayar gero. Abu na ƙarshe shi ne eriya, wato siraran wayoyin nan da ake ɗaurawa daga doguwar sandar gaba zuwa ta baya, waɗanda ta cikinsu jirgi ke jin magana daga nesa. Wayar tagulla ta yi wa ƙaramin jirgi kauri, saboda haka da zaren roba na masunta yake yi, mafi siriri, ya shafa masa baƙar tawada. Kwana tara ya yi a kan zare shida, a bakin ƙofa da hantsi, idonsa na zubar da ruwa don ƙurawa. Ranar Jumma'a ya gama.

Ranar Asabar ya tafi aski, matarsa kuwa ta shiga shara. Ita ba ta taɓa ganin teku ba, balle jirgin yaƙi. Ta ga wasu siraran zaruruwa tsakanin sandunan, ta ce a ranta, "Gizo-gizon gidan nan ba shi da kunya. Jirgin da ko kwana biyu bai yi ba." Ta sa tsumma ta share su tas, har da hurawa.

Da mutumin ya dawo, ya miƙa yatsa a hankali don ya taɓa aikinsa, sai yatsan ya wuce ta cikin iska.

Ya ce, "Maman Rifkatu, wa ya taɓa jirgin nan?"

Ta ce, "Ni ce, sai ka gode mini. Yana ce ta cika shi, na share maka."

Ya lalubi kujera ya zauna. Ya ce, "Kin kurmantar da shi."

"Jirgin katako, Baban Rifkatu? Da ma yana ji ne?"

Tana cikin dariya ta dubi fuskarsa, sai dariyar ta tsaya. Ya ɗauko ragowar zaren ya ɗaga wajen haske, ya juya shi nan, ya juya shi can. Can ya ce, "Ina jinsa a hannuna, amma ba na ganinsa. Kwana taran nan sun tafi da abin da ya rage."

Matar ta jawo kujera 'yar tsugunno. Ta ce, "Shekara arba'in nake sa zare a allura. Faɗa mini inda za shi."

"Da wannan hannun na tuƙa tuwo?"

"Shi ya ciyar da kai har ka yi furfura. Matsa."

Haka suka zauna, shi yana faɗa, ita tana ɗaurawa. Ya ce mata, "Kada ki ja. Sandar ba ta fi tsinken sakace ƙarfi ba, in kin ja za ta karye. Bar shi sako-sako, ki ɗiga gam da bakin allura." Ta yi yadda ya ce. Da ta gama na shida, ta ja da baya ta duba, sai ga su duka sun yi ciki, kamar igiyar shanya da aka lafta wa jiƙaƙƙun zannuwa.

Ta ce, "Ba haka naka yake ba. Naka a miƙe yake."

Ya ce, "Nawa ma haka ya fara. Je murhu ki kunno tsinke, ki hure harshen wutar, ki bar jan bakin."

"Wuta kusa da roba da katako? Na ɓata maka sau ɗaya, ba zan ƙona maka ba kuma."

"Ba ke za ki riƙe ba. Ki dai zama idona."

Ta kawo. Ya karɓi tsinken da dama. Ya ce ta kama ɗan yatsansa na hagu ta ajiye shi dab da zaren, domin duk zafin da zaren zai ji, shi ma ya ji. Sa'an nan ya fara matso da wutar ta ƙasa, kaɗan-kaɗan, bai bari ta taɓa ba. Matar ta zuba wa zaren ido.

Zaren ya yi 'yar makyarkyata. Sai ya miƙe sambal, kamar wanda aka kira sunansa. Nan take mutumin ya janye wutar.

Haka ya yi wa na biyu, da na uku, har na shida. Da ya gama, yatsansa ya yi bororo. Matar ta daɗe a tsugune tana kallon layuka shida baƙaƙe a tsaye cikin hasken rana. Da ta yi magana, a hankali ta yi. Ta ce, "Ba wanda ya ja shi, Baban Rifkatu. Da kansa ya tashi."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana, kowannenmu jirgi ne a tsakiyar ruwa, addu'a kuwa ita ce eriyarsa. Siririya ce ƙwarai. Mai shara da sauri yakan ɗauke ta a kan yana, ba don mugunta ba, don dai bai san aikinta ba. Mu ma mun share tamu sau da yawa muna gyaran gida saboda idon mutane, muka wayi gari da kyan gani, amma ba ma jin komai daga tudu.

In ka sake ɗaura taka, ka ga ta yi ciki, kada ka ji kunya, ta kowa haka take farawa. Kuma in ka ga ta ɗan'uwanka ta saki saboda baƙin ciki, kada ka kama ja da ƙarfi kana ce masa ya daure, ya yi murna. Sandar ba ta da ƙarfi, za ka karya shi. Akwai Mai aikin, shi ya san yadda yake yi. Yakan bar wuta ta matso, har ka ce ƙonewa za ka yi. Amma ba daga nesa yake auna ta ba. Ya sa yatsansa a wurin, dab da kai, abin da kake ji yana ji, ya kuma san lokacin janyewa. Duk wanda wuta ta matso masa a wannan shekara, kada ya ce an manta da shi. Ya tsaya cik, ya saurara.

Iyakar abin da zan karanta musu ke nan, Yaya. Sauran naka ne. Tun ranar da aka sauke ka, ban iya addu'a ba, leɓena kawai ke motsi in ana yi a coci. Shekaranjiya da safe ina cire ciyawa a gonarka ta gyaɗa, ban shirya ba, sai na ji wani abu ya miƙe a ƙirjina, bakina ya ce, "Uba." Kalma ɗaya tak. Na tsaya da fartanya a hannu, tsoro ya kama ni, irin na wanda ya gane ba shi kaɗai ba ne a gona. Ban faɗa wa kowa ba tukuna, ko Mama.