Kilishin Gidan Kura

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha labari.

Kura ce ta gaji kamfanin kilishi wajen ubanta. Ta naɗa babban ɗanta manaja, ƙaninsa mai gadi, autan kuwa mai ɗanɗano. Bare ɗaya ce a gidan, wato Bushiya mai shafa yaji. Kullum a shanya nama tabarma guda, a zo kwashewa a tarar rabi ya ɓace.

Kura ta ce, "Bushiya, ke kaɗai ce ba jininmu ba. Ko ki fito da ɓarawo, ko mu ce ke ce."

Bushiya ta ce, "An gama, uwar ɗakina."

Washegari ta zabga wa kilishin barkono, ta haye murfin randar gidan ta dunƙule, ƙaya a tsaye. Kafin azahar sai ga manaja, harshe a waje. Ga mai gadi yana hawaye, auta yana birgima, kowa na roƙon ruwa.

Bushiya ta ce, "Uwar ɗakina, ga ɓarayinki."

Tana waigawa sai ga Kura, idanu jajur, tana fifita baki.

"Maganar gida ce, a gida za ta tsaya. Sauka ki miƙo moɗa, ni ce babba, ni zan fara sha!"

Ƙurunƙus kan kusu. Ba don barkono ba, da kun ce ƙarya na yi.