Nauyi Zalla

Ni na jawo wa Baba, Allah ya jiƙansa. Da ɗan guntun bokona na zauna a rumfarsa ta awon gyaɗa ina cika baki, wai Turawa sun haƙa rami suna gwara ƙwayoyin zarra don su gano asalin nauyi.

Na ce, "Wahalar banza! Nauyi kamar ruwa ne a tsumma, mu matse shi muke yi."

Ashe Sarkin Kasuwa na ji, kuma ya daɗe yana kwaɗayin rumfar.

Ya ce wa Baba, "Malam Tanimu, gobe ka kawo mini nauyi zalla, ko ku tashi. Ba ma zama da maƙaryata."

Washegari Baba ya je da hannu a dunƙule.

"Ranka ya daɗe, na matso. A miƙo ƙwarya."

Aka miƙo.

"A'a, wannan tana da nata nauyin, za su gauraya. A kawo marar nauyi."

Sarki ya dubi ƙwaryar. Can ya ce, "Tafi da abinka."

Rumfar tana nan, ni ke awo yanzu. Nauyi zalla kuwa na same shi ranar da muka dawo daga maƙabarta, kuma har yau ban sami ƙwaryar juye shi ba.