Kwanson da ya maƙale a bindigar Wilmar

Akwai wani makiyayin tumaki a wani ƙauye na yankin Tacuarembó a ƙasar Uruguay, sunansa Wilmar. Gwanin harbi ne, kuma ya san da haka. Bindigarsa irin mai tofar da kwanson harsashi ce ta ɗora wani da kanta. Kullum yana goge bayanta tana sheƙi, amma mazaunin harsashi da ke ciki, rabonsa da buroshi har an manta.

Wani gawurtaccen aladen daji ya addabe su da cinye 'yan raguna. Ranar da za su bi sawunsa, yayan Wilmar, Aníbal, ya ja maƙullin bindigar ya leƙa cikinta.

"Wilmar, ruwan sama ya doke ta a makon jiya. Dubi cikin nan, baƙi ƙirin. Kawo buroshi da tsumma."

Wilmar ya fizge abarsa yana dariya. "Haba Yaya! Tsufa ne ya fara taɓa ka? Harbi ɗaya nake yi. Ka ma bar taka a gida, riƙe mana karnuka kawai."

Aníbal ya girgiza kai, ya bi shi hannu sake, ba bindiga.

Da hantsi karnuka suka tsaya a bakin wani rafi mai duhuwar itatuwa, gashin bayansu a miƙe. Tsuntsaye suka yi tsit. Wani wari ya bugi hancin Wilmar, sai ga ciyawa tana darewa.

Ya danna kunama. Harsashi ya sami dabbar a kafaɗa, amma ba ta faɗi ba. Ta juyo.

Ya sake dannawa. Shiru.

Kwanson farko ya maƙale a ciki. Ya ja maƙulli da dukan ƙarfinsa, ko motsi.

"Harba mana! Wilmar, harba!"

"Ta cije, Yaya! Ta cije!"

Yana ganin haƙoran aladen biyu suna tunkaro shi, ya kasa ɗaga ƙafa. Aníbal ne ya bangaje shi gefe. Abin da Wilmar ya ji daga nan shi ne ƙarar yayansa, irin wadda bai taɓa jin ta fito daga bakin mutum ba.

Da ƙyar karnuka suka kora dabbar cikin rafi. Cinyar Aníbal a farke, jini na tsartuwa. Wilmar ya ɗaure ta da ɗamararsa, ya ɗora shi kan doki, yana sukuwa yana kiran sunansa.

"Yaya, kada ka rufe ido. Don Allah yi min magana, ko zagina ne."

Kan Aníbal ya langaɓe.

A asibiti likita ta ce zai rayu, amma ƙafar sai an yanke.

Wilmar ya koma gida, ya ɗora buta a wuta don ya sami abin yi da hannunsa. Ya cire gidan harsashi, ya zunguro kwanson, ya zura buroshi, ya bi da tsumma. Tsumman ya fito jajawur da tsatsa. Ya shafa ɗan mai, maƙulli ya koma yana sulɓi.

Ya gama tsaf, ruwan butar bai ma tafasa ba. Nan ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka.

Darasi: Ƙwarewa ba ta hana tsatsa ci. Ka kula da cikin kayan aikinka fiye da bayansa, kuma kada girman kai ya toshe maka kunne, domin sau da yawa wanda ya yi maka gargaɗin ne zai ɗanɗana kuɗarsa. Ku tura wa duk wanda ran wani ke hannunsa.