Turken da Baba Ya Kafa

Akwai wani mutum mai ɗiban zuma, gidansa a gindin wani dogon dutse. Ƙudan zuma sun yi gida a wani kogo can tsakiyar jikin dutsen, inda ba mai isa sai ya hau ƙololuwa ya sauko da igiya. Mahaifinsa ne ya koya masa aikin, shi ne kuma ya kafa turken ƙarfe cikin wata tsaga a sama, inda ake ɗaure igiyar.

Mutumin nan ba mai ganganci ba ne. Kowace shekara sabuwar igiya yake tufkawa, ƙullinsa kuwa sai dai wuƙa. To, al'adar masu wannan aiki ce kafin ka ɗaura igiya ka ɗauki ɗan dutse ka ƙwanƙwasa turken, ka kasa kunne. In lafiyayye ne, ƙarar takan fito garau. In tsatsa ta ci shi ta ciki, a mace take fitowa. Wannan kaɗai ne bai ƙara yi ba tun rasuwar tsohon. Sai dai ya shafa kan turken, ya ce a ransa, "Aikin Baba ne." Kada ku yi saurin ganin laifinsa. An raba gona, ɗakin tsohon ya rushe, turken ne kawai ya rage masa, kuma yana tsoron abin da zai ji.

Wata shekara kafaɗarsa ta goce, ya zama dole ƙanensa Irmiya ya sauka a madadinsa. Irmiya magidanci ne mai 'ya'ya ƙanana. Suka hau tare, aka ɗaura igiya a turken, Irmiya ya ɗaura ɗaya bakin a ƙugunsa, ya juya baya ga ramin.

Ya ce, "Yaya, in saki jiki?"

Mutumin ya dubi turken. Ransa ya sha ratayewa a wurin nan bai damu ba, amma yau ran wani ne.

Ya ce, "Dakata tukuna."

Ya ɗauki ɗan dutse, ya buga. Ƙarar ta fito a mace. Ya sake bugawa, sai turken ya karye daga bakin tsagar. Abin da ke riƙe da shi a ciki bai fi tsinken tsintsiya kauri ba. Mutumin ya zauna da guntun ƙarfen a hannu, ya yi kuka mai zafi.

Irmiya ya dafa shi, ya ce, "Yaya, Baba bai cuce mu ba. Ƙarfe ne, ya yi zamaninsa."

Suka nemi wani ƙahon dutse da ya fito daga jikin babban dutsen kansa, suka ƙwanƙwasa, ya amsa garau. Suka naɗa igiya a kansa, suka ja da dukan nauyinsu, bai motsa ba. Sa'an nan Irmiya ya sauka, ya hauro lafiya da zumarsa.

Ma'anar wannan misali ita ce, igiyar ita ce bangaskiyarka, dutsen kuwa Almasihu ne. Turken shi ne abin da iyayenmu suka bar mana: sunan gidanmu a ikilisiya, kujerar da baba yake zama, waƙoƙin da mama ta koya mana. Abubuwa ne masu daraja, ba wanda ya ce a raina su. Amma da yawa cikinmu a nan muka rataya, muna tsoron tambayar kanmu ko mu da kanmu mun san Ubangiji, don kada ya zama kamar mun ci mutuncin waɗanda suka haife mu. Ƙaunatattu, gwadawa ba raini ba ne. Yau ku gwada, tun ƙafafunku suna kan tudu, gama ba ku kaɗai ba ne a igiyar nan. 'Ya'yanku suna kallon fuskarku, kuma abin da kuka ce zai riƙe su, a kansa za su saki jiki.