Maje da Tsohuwar Amfilifaya

Akwai wani akawun gwamnati da ya taɓa zama a Kwaciri, cikin Fagge, sunansa Maje. Shekarar 1975 ce, lokacin da kuɗin mai ya cika gari, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa na rububin babur da rediyo.

Shi Maje ba babur ne a ransa ba. Jita yake kaɗawa, shi da amininsa George, mutumin Wusasa ta Zariya, mai buga tafireta a ofishinsu. Jitar ta lantarki ce, amma ba su da amfilifaya, wato akwatin da ke ɗaga sautinta. Kullum sai sun yi aro.

Maje yana da kyauta, yana da zumunci. Abu ɗaya ne ya ɓata shi: ba a ce masa a'a. Da ka faɗa, sai ka ga jijiyar wuyansa ta tashi.

Wata Asabar da hantsi ya shiga Kasuwar Sabon Gari, ya hango wata tsohuwar amfilifaya a rumfar Modu mai kayan gwanjo. Irin ta taransista ce, ana kunnawa take tashi. Fatar jikinta ta ɗaye, maɓalli ɗaya ya ɓalle, kuɗinta kuwa ko rabin na sabuwa bai kai ba.

Modu ya ce, "Daga wani otal da ya rufe na kwaso ta. Ni ban san cikinta ba. Kai wa mai gyara ya duba, in ta yi maka ka dawo mu daidaita."

Maje ya ɗauke ta zuwa shagon Sylvester, wani dattijo da ya shekara ashirin yana gyaran rediyo a layin baya. Sylvester ya kwance bayanta, ya jona wuta, ya ɗora abin gwaji a jikin ƙarfen. Nan take ƙwan gwajin ya kama ja.

"Malam Maje, kada ka saye ta a haka. Ba don irin wutarmu aka ƙera ta ba. Wani ya sauya mata wayoyi, ya yi aikin banza. Wuta na zubowa jikin ƙarfen nan, daga nan ta bi waya har tsirkiyar jitarka."

"Amma ai tana yi."

"Tana yi mana, shi ya sa nake tsoronta. Ka bar mini ita mako biyu in nemo kayan gyara. Ko ka haƙura, ka nemi wata."

Mako biyu! Bikin ƙanwar Maje, Rabi'atu, saura kwana takwas, kuma ya riga ya cika baki a unguwa cewa da kayansa zai yi wasa. Yana ɗaga kai ya ga sabuwar amfilifaya a kan kantar shagon. Sai ransa ya ɓaci.

"Ashe haka ne! Taka kake so in saya. Ka ga ma'aikaci ya sami ɗan ƙari, kana so ka tatse shi!"

"Waccan ta mutane ce, gyara aka kawo."

"Ƙarya kake yi! Mayaudari kawai! Ɗaure mini kayana!"

Mutane suka fara taruwa. Sylvester ya mayar da kusoshin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Zage ni yadda kake so. Amma kada kowa ya taɓa jitar nan ba takalmi."

Maje ya koma wurin Modu, ya ce mai gyara ya ce lafiyarta ƙalau. Ya biya, ya tafi. Ko kalma ɗaya ta gargaɗin bai gaya wa George ba.

Ranar biki, bayan la'asar, aka jona kaya a tsakar gidan Gwaggonsu a Rijiyar Lemo. An yini ana wanke-wanke, siminti duk danshi. Maje ne ya fara kaɗawa, da takalmin roba a ƙafarsa. Ya ji ɗan tsikari a yatsunsa. Ya yi shiru, don mata na guɗa, sauti kuma na kaiwa har bakin titi.

Sai ya miƙa wa George.

George mutum ne mai ladabi. Tun a zaure ya tuɓe takalmansa don girmama Gwaggo. Yana damƙar jitar wuta ta kama shi. Jikinsa ya sandare, hannunsa ya ƙi saki, ko ihu ya kasa. Mata suka watse. Maje ya tsaya kamar gunki. Gwaggo ce ta rarumi taɓarya ta doke wayar daga bango.

George ya rayu. Amma yatsu uku na hannunsa na hagu sun ƙone, suka ƙandare. Ba jita, ba tafireta.

Washegari Maje ya nufi kasuwa yana huci, Julie matar George na biye da shi don ta ga wanda ya sayar da wannan masifa. Ya ci kwalar Modu yana ihu, "Ka sayar mini da mutuwa!"

Modu ya fizge rigarsa. "Ni? Ban ce ka kai a duba ba? Ba kai ka dawo ka ce an ce lafiyarta ƙalau ba?"

Hayaniyar ta fito da Sylvester. Da ya ji abin da ya faru, idanunsa suka kaɗa.

"A gaban mutanen nan ka kira ni mayaudari! Na ce wuta na zuba. Na ce kada a taɓa ba takalmi. Ka ji ko ba ka ji ba?"



Julie ta juyo ta dubi Maje. "Malam Maje, ka sani? Ka sani, ka miƙa wa mijina?"

Ba ta jira amsa ba. Ta juya ta tafi.

Sai bayan kwana uku Maje ya iya shiga asibiti. Ya durƙusa a gefen gado yana kuka, yana rantsuwa bai yi nufin haka ba.

George ya dubi hannunsa da ke naɗe. Sannan ya ce, "Na san ba ka yi nufi ba. Arahar ma ban ga laifinka ba, ni ma da zan iya saya. Amma an gaya maka, Maje. Da ka gaya mini, da ni zan zaɓar wa hannuna. Tashi ka tafi."

Da aka sallami George daga asibiti, ya kwashe iyalinsa ya koma Zariya. Maje ya rubuta masa wasiƙa sau da yawa. Ko ɗaya ba a amsa ba.

Darasi: Ba duk mai hana ka abu ne maƙiyinka ba. Idan masani ya gargaɗe ka, danne fushinka ka saurara, kuma kada girman kai ya sa ka ɓoye gargaɗin ga wanda abin zai shafa. Sau da yawa ba mai taurin kan ne ke jin ciwon ba, na kusa da shi ne. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila wani na gab da yin irin ta Maje.