Ranar da Doka ta Kori Kansiloli

An ce wai an yi wani shugaban ƙaramar hukuma, Alhaji Mamuda, mai tsoron doka kamar yadda akuya ke tsoron ruwan sama. Wata shekara aka ba hukumarsa rijiyar burtsatse ɗaya tak, ga ƙauyuka biyu na kukan ƙishirwa, Tudun Kanya da Kwarin Gawo. Masu haƙa suka ce in majalisa ba ta zaɓi wuri ba kafin Juma'a, za su naɗe kayansu su yi gaba.

Aka zauna. Sakatare, Malam Tukur, ya tuna musu doka: duk wanda shi ko danginsa za su ci moriyar magana, ya fita kafin ƙuri'a. Kansiloli uku 'yan Kwarin Gawo suka miƙe. Sauran ukun, masu dangi a Tudun Kanya, suka bi su. Mamuda ya tuna tsohuwarsa ma a Tudun Kanya take, ya gyara hula ya fice. Aka bar Sakatare da kujeru.

Can Sakatare ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, ai doka ta kuma ce ba a yanke magana sai da mutum huɗu a zaune."

Suka koma. Ya maimaita ta farko, suka sake fita.

"To, Malam, mu zauna ne ko mu fita?" in ji Mamuda.

"Duka biyun, ranka ya daɗe."

Kan Mamuda ya ɗaure tamau, gaba kura baya sayaki. Har la'asar ana shiga ana fita, babu wanda ya san ko zaman ya fara ko ya ƙare.

Washegari Mamuda ya ba kowa jarka, har da kansa, ya ce kowa ya ɗebo ruwa a ƙauyen da ba shi da dangi. Da suka dawo ya ce, "Doka ta hana mutum jawo wa gidansa riba, ba ta hana shi haƙura da ita ba. Wanda zai ba ƙauyen da ba nasa ba, ya zauna. Wanda zai ba nasa, ga ƙofa."

'Yan Kwarin Gawo sun tarar da tsohuwar rijiyar Tudun Kanya tana bayarwa, ko da da ƙyar, don haka suka ce ƙauyensu za su ba, suka fita. Sauran ukun kuwa sun yini tonon busasshen rafi tare da matan Kwarin Gawo, yashi bai ma fita daga farcensu ba, suka zauna. Saura mutum ɗaya a cika huɗu. Ido ya dawo kan Mamuda. Tausayin tsohuwarsa ya kama shi har ƙafarsa ta nufi ƙofa, amma ya ja kujera ya zauna. Rijiya ta tafi Kwarin Gawo.

Da yamma ya je wurin tsohuwarsa ya durƙusa ya ce, "Inna, na ba wasu ruwanki."

Ta dube shi ta ce, "Na ji. An ce har jarka ka ɗauka a can. Ashe ka iya? To, ga tawa a gindin rumbu."

Tun daga ranar, kowace Asabar ana ganin shugaba guda a bakin tsohuwar rijiya yana jan guga. Shi ya sa masu hikima ke cewa, wanda aka ba rabo a hannu, shi ya kamata ya fi kowa iya jure ƙishirwa.