Ragon Tahiru da Ba a Ɗaurewa

A gidan hayar da aka kawo ni amarya a Gazawa akwai wani ɗan kabu-kabu, Tahiru, mutum mai ji da kai. Matarsa na da tsohon ciki, ya sayi ragon suna ya sake shi a tsakar gida, wai igiya na ramar da dabba.

Ragon nan ba abin da ya bari. Ya ci shanyar kuɓewata, ya kifar da ƙullun kokon Iya Lantana, tsohuwar da ɗakinta ke kusa da zaure. Ni kunya ba ta bari na yi magana ba. Iya kuwa ta tare Tahiru.

Ya ce, "Iya, haya nake biya kamar kowa. Ki ɗaure kokonki."

Ta kai ƙara buro, wato ofishin magajin gari. Wani ma'aikaci ya zo ya ja masa kunne, ya ce damina ce, an yi shela kowa ya ɗaure bisashensa. Tahiru ya ce to, bai ɗaure ba.

Allah Ya sauki matarsa lafiya. Ana gobe suna rago ya fice ya faɗa gonar gyaɗar wani, aka kora shi garken da hukuma ke tsare dabbobin da suka yi ɓarna. Tahiru ya garzaya. Aka ce ba a sakin dabba sai maƙwabci ya shaida ta mai ita ce, ya kuma tsaya masa. Maza duk suna gona. Ya dawo ya durƙusa ƙofar Iya Lantana, ina kallo ta bayan labule.

"Iya, don Allah ki zo ki ce nawa ne."

"Wane rago, ɗan nan? Ni idona bai gani sosai."

"Fari, mai baƙin kunne."

"Af! Mai shan koko?"

Matan gida suka tuntsire da dariya. Sai da ya share gidan tas, ya bi ɗaki ɗaki yana ba da haƙuri, har da ni, kafin ta yafa mayafi ta hau bayan babur ɗinsa tana cewa ya tafi a hankali. Washegari aka raɗa wa jaririya suna Mansura, aka yanka ragon da Iya ta fanso, ta zaɓi cinya da hannunta.

Darasin shi ne, duk wanda ke zaman haya ya kiyaye haƙƙin waɗanda suke ƙofa ɗaya da shi. Ranar da hukuma za ta tambayi wa zai tsaya maka, su ɗin ne za ka nema.